Kwalayen da Aghali Ya Shayar

Tun da na dawo daga Arlit 'yan fadarmu ta hira da shan shayi suka hana ni sakat. Wannan ya ce in ba shi labarin yuraniyom, wancan ya ce wai da gaske ne kowa a can mai kuɗi ne. Wasu kuma abin da ya dame su shi ne tsohon bidon ruwan nan, wato jarka, mai rigar buhu da na rataye a zaurena, suna ta tambaya ko na koma sana'ar raƙuma ne. To, ni ban ga yuraniyom ba, ko ƙwaya ɗaya. Abin da na je na gani ƙafar mutum ce. Ga labarin nan na rubuta, kowa ya karanta ya bar ni in sha shayina.

Wanda bai san ni ba, shekara ashirin da biyu na yi ina riƙe da ɗakin ajiyar kayan aiki na wani asibiti a nan Damagaram kafin in ajiye aiki. Auduga, bandi, safar hannu, zaren ɗinki, duk ta hannuna suke bi. Ina faɗin wannan ne don ku san irin girman kan da na tafi da shi.

Ƙanwata Rabi majo ce, wato babbar mai jinya, a wani ƙaramin ɗakin magani a Akokan, garin da ke manne da Arlit. Bayan an rufe ramin haƙar ma'adinin garin, tsofaffin ma'aikata suka haɗa kai suka buɗe wurin, suka damƙa mata. Wata safiyar Asabar cikin bazara ta kira ni, ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba.

"Yaya, ina da maras lafiya, Gisa sunansa. Fetur ya kama masa ƙafa, daga gwiwa har yatsu. Kwana shida ke nan. Tul-gara ya ƙare mini, babu a Arlit, na sa an duba Agadas babu."

Tul-gara wani ƙyalle ne mai raga-raga da aka jiƙa da man basilin, yana zuwa a cikin gwangwani mai faɗi. Shi ake fara shimfiɗawa a kan ƙuna don kada abin ɗauri ya manne da nama. In babu shi, duk ranar da aka kwance ɗaurin sai sabuwar fatar ta biyo ƙyallen.

"Likita ya zo ya duba," in ji Rabi. "Ya ce zai dawo ranar Alhamis ta sama. In ciwon bai fara tsiro ba, a kai shi Agadas a yanke ƙafar. Zan turo maka takarda. Don Allah, Yaya, abin da na rubuta shi za ka sayo. Kada ka gyara mini."

Na ce, "Majo, ni za ki koya wa sayen kayan fansama na ɗaure ciwo? Ina wannan aikin kina tallan gyaɗa."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce wan Gisa, mai suna Aghali, direba ne, zai tarbe ni a Agadas da motarsa. Ta kashe wayar.

Hoton takardar ya shigo. Tul-gara gwangwani goma sha biyu. Ƙyallen raga na fansama, manyan dunƙule biyar, irin wanda ake yankawa da almakashi a naɗe da hannu. Bandi mai talewa, ruwan gishiri na wanke ciwo, safar hannu, maganin ƙuna na shafawa. Na karanta na girgiza kai. A raina na ce yarinyar nan ta daɗe a hamada, zamani ya wuce ta. Wa ke zama yana yanka ƙyalle yanzu, alhali ga kwamfaras, wato ƙyallen da ya zo a shirye, a yanke, a naɗe, an kashe masa ƙwayoyin cuta an rufe kowane biyar a cikin 'yar takardarsu?

A wurin masu sayar da kayan asibiti na sari, mai wurin tsohon sanina ne, ya ƙara mini zuga. Ya baza mini kwamfaras ɗin takarda a kan tebur, fari tas, gwanin sha'awa. Tul-gara yana da shi, sha biyun ma da ƙari. Na ɗaga gwangwani ɗaya na auna a hannu, na tuna a asibitinmu guda yakan yi mana mako biyu. Ban tsaya na tuna cewa namu ƙunar ruwan koko ce a bayan hannun yara ba, ba ƙafar ƙato sukutum ba. Na ce a ba ni huɗu. Dunƙulen ƙyalle na ɗauki ɗaya kawai, don ya cika cin wuri. Gurbin sauran duk na cike shi da kwamfaras ɗin takarda, kwali uku. Na koma gida ina jin daɗin kaina, har ina tsara yadda Rabi za ta yi mini godiya.

Lahadi da sassafe na shiga babbar motar Agadas da kwali shida. Rigimar farko da masu lodi na yi ta. Suna so su jefa mini kaya a sama kusa da buhunan albasa, na ce sai dai a fasa tafiyar. Da ƙyar suka sa su a cikin motar ta ƙasa, amma ƙaramin kwalin tul-gara a kan cinyata ya yi tafiyar. Wata Hajiya da ke kusa da ni, mai kai turaren wuta Agadas, ta yi ta kallona. Bayan mun wuce Tanut ta kasa haƙuri.

"Alhaji, zinariya ce a ciki?"

"Magani ne, Hajiya."

"Allah sarki. Akwai na ciwon gwiwa?"

Daga nan har Adarbisanat sai da na ji tarihin gwiwarta, da ta uwarta.

A shingen da ke kafin Agadas aka sauke mu duka, kowa ya riƙe katinsa ya tsaya kusa da kayansa. Wani jami'i dogo ya zo kan kwalayena da wuƙa a hannu. Na riga na ga yadda ya soka ta a buhun wani ɗan kasuwa har ƙota. Na sha gabansa na ce, "Shef, don girman Allah bari in buɗe da kaina. In wuƙar nan ta taɓa takarda ɗaya, kayan sun tashi daga aiki." Ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce me ya sa farar hula ke tafiya arewa da kayan ɗaure rauni kwali shida, su wa zan je in yi wa jinya? Sai a lokacin na gane abin da yake zato, wai 'yan bindiga zan kai wa kayan. Hajiya mai gwiwa ta ja da baya kamar ba ta taɓa ganina ba. Na nuna masa takardar Rabi mai hatimi, na nuna rasit. Ya ce in kira ta. Waya ta ƙi shiga sau uku. A na huɗu ta ɗauka, ya karɓa ya koma gefe, ban san abin da ta gaya masa ba. Da ya dawo ya miƙo mini wayar ya ce, "Rufe kayanka, Baba. Allah ya ba shi lafiya."

Aghali na tsaye a tasha. Dogo ne siriri, ya naɗa rawani ya rufe baki da hanci, idanu kawai ake gani. Ya karɓi hannuna ya shafa ya saki, ya sake shafawa ya saki, yana tambayar gajiya, da zafi, da gida, da mutanen Damagaram, har na fara ƙosawa. A wurinmu da ƙaninka na kwance za a yanke masa ƙafa, ai tambayar farko ita ce, "Ka samo?" Shi bai tambaya ba. Kwalayen kawai ya kalla, ya ɗora tafin hannunsa a kan ɗaya na ɗan lokaci, sannan ya ɗauka.

Hausarsa irin ta mutanen Abzin ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. "Majo ya ce ka kwana gidan gwaggona. Mota ya gaji, gobe da asuba mu tashi."

Gidan gwaggon na ƙasa ne, da bukkar tabarmi a tsakar gida. Abin da ya fara ba ni mamaki, tsohuwar ita ta tarbe ni, fuska a buɗe, ta zauna a gabana tana yi mini tambayoyi kai-tsaye, shi kuwa ƙaton namiji yana gefe a lulluɓe. A gidanmu da akasin haka za a gani. Aka kawo shinkafa da miyar malohiya irin ta lalo, da cuku, wato busasshen cukwin nono mai tauri da sai an jiƙa shi a shayi haƙori ke iya masa. Aghali ya ɗan juya baya, yana cusa loma ta ƙarƙashin rawani. Har muka rabu ban ga bakinsa yana tauna ba. Shayi kuwa kofi uku ne, in ka tashi bayan na biyu ka yi rashin kunya.

Kafin magariba muka yi lodi. Motarsa katkat ce, irin mai ratsa yashi, mai buɗaɗɗen baya, ta sha duniya. A jikinta an rataye bido huɗu, kowane an ɗinke shi cikin buhu. Na tambayi dalili, ya tsiyaya mini daga ɗaya a kofi. Wallahi kamar daga randa. Ya ce buhun ake jiƙawa, iska na bugunsa, ruwan na sanyi. Duk abin da ba a so rana ta cinye a hanyar nan haka ake yi masa, tumatir ne, man shanu ne, ko goro. Na yaba dabarar. Sannan na buga kwalayen da hannu, na yi maganar da har yau nake cizon yatsa a kanta.

"Aghali, kayan nan ba sa son zafi ko kaɗan. In rana ta dafa su, ƙafar ɗan'uwanka ta tafi."

Tul-gara nake nufi, don man da ke jikinsa narkewa yake yi ya tsiyaye. Amma ban ware ba, duka shidan na nuna. Ya ce, "Na ji, likita." Ban ce masa ni ba likita ba ne, don sunan ya yi mini daɗi.

Hanyar Agadas zuwa Arlit sunanta kwalta, amma kwaltar ta daɗe da tafiya ta bar ramuka. Direbobi gefe suke bi, kowa da layinsa. Muna gaba mu biyu, ƙaramin kwalin ma ya karɓe ya ce baya ya fi masa iska. Tun hantsi ƙarfen ƙofa ya daina taɓuwa. Duk bayan kamar awa ɗaya Aghali zai tsaya, ya ce zai duba igiya, ya zagaya baya ya ɗan jima, ya dawo ya miƙo mini kofin ruwa. Na lura shi ba ya sha. Na ce ko azumi yake, ya ce a'a, ya saba. Na ce a raina mutanen nan da raƙumansu hali ɗaya.

Wajen azahar, mun wuce mararrabar Imuraren da kaɗan, tayar baya ta fashe. Ya sa safaya. Ba mu yi nisa ba ita ma ta sace. Babu inuwa, babu gida, babu sabis a waya. Aghali ya ce ba a son daɗewa a tsaye a wajen nan, bai faɗi dalili ba, ni ma ban tambaya ba, don na ga yadda yake waiwayen gabas yana cire tayar. Ya zauna a ƙasa yana facin tub da hannu. Ƙura ta taso can nesa, muka tsaya cak muna kallonta har ta karkata ta ɓace. Ban san sa'ad da na fara karanta duk addu'ar da na haddace ba.

Ƙishirwa ta kama ni. Na je na girgiza bido na farko, wayam. Na biyu, wayam. Na uku ma haka. Na huɗu ne kawai da ɗan abin da bai kai rabi ba. Bido huɗu a rabin yini, mutum ɗaya ke sha! Sai na ga ruwa na ɗiga daga bayan motar yana yin 'yan ramuka a yashi. Na ɗaga tamfol.

Ya lulluɓe kwalayen shida da buhuna, ya ɗaure tsaf, buhunan sun jiƙe sharkaf. Na sa yatsa a kwalin kwamfaras, yatsan ya shige kamar a tuwo. Na yage shi. Takardun nan farare da na yi ta alfahari da su duk sun sha ruwa, sun manne da juna, wasu sun buɗe baki. Kwamfaras da takardarsa ta jiƙe ba mai tsabta ba ne kuma, ba a ɗora shi a kan ƙuna. Kwali uku.

Ban san ina da irin wannan muryar ba. "Kai wane irin mutum ne? Wa ya ce ka zuba musu ruwa? Tumatir ne? Ka lalata kayan! Ka kashe ƙafar ƙaninka da hannunka, ka ji ko? Da hannunka!"

Ya miƙe a hankali, tub ɗin na hannunsa. Ya dubi kwalin, ya dube ni. Ya ce, "Kai ka ce ba ya son zafi." Muryarsa a dishe take, ta mutumin da bai sha ruwa ba tun asuba. Na ci gaba da faɗa, na faɗi abin da ba zan rubuta a nan ba. Ya ja rawaninsa sama har ya kusa rufe idanun, ya koma ya gama facin. Da zai tada mota ya tsiyaya sauran ruwan a kofi ya miƙo mini. Na karɓa na shanye, ko tayi ban yi masa ba. Daga nan har muka hango tsaunukan ƙasar da aka tono daga ramukan Arlit, ko kallonsa ban ƙara yi ba.

Mun shiga Akokan bayan la'asar. Gari ne na layi-layi, gidaje iri ɗaya, da yawa a rufe, 'yan kabu-kabu na zaune a inuwa ba fasinja. Ɗakin maganin ɗaki uku ne da rumfa. Rabi ta fito da gudu, ta rame, ko sannu da zuwa sai daga baya ta tuna. Tare da ita akwai Hajo, wata dattijuwa 'yar Tawa mai wanke kayan aiki da dafa su.

Tun kafin a sauke kaya na fara kai ƙara. Na ce ga abin da direbanta ya yi. Aghali na tsaye a bakin rumfa, kansa a ƙasa. Ya ce, "Majo, ni na ɓata. Ka yafe mini."

Rabi ta wuce mu ta nufi kayan. Ta ture kwalayen kwamfaras gefe da ƙafa, ta nemo ƙaramin. Kwalin ya narke amma gwangwanayen a liƙe suke, ruwa bai shiga ba. Ta buɗe ɗaya, ta ɗaga ƙyallen da hantsaki. Man na nan daram, ko tsiyaya bai yi ba.

"Alhamdu lillahi," in ji ta. "Wanda aka taɓa aiko mini a saman mota, mai ya tsiyaye ya bar ƙyalle a bushe. Wannan kamar yanzu aka fito da shi daga shago. Aghali, ruwanka ne ya kawo shi lafiya." Ta juyo. "Yaya, ina sauran takwas ɗin?"

Na ce huɗun nan kawai na sayo.

"Ina dunƙulen ƙyallena biyar? Ɗaya nake gani."

Na fara bayanin zamani, da tsabta, da cin wuri. Ta bar ni na gama. Sannan ta yi magana a hankali, wanda ya fi mini zafi a kan da ta yi ihu.

"Ka san me ya sa nake rubuta dunƙule? Don babu takardar da ke isowa nan lafiya. In ba ruwa ba, wuƙar shinge, in ba ita ba, girgizar hanya. Dunƙule ko a laka ya faɗi, mu wanke, mu yanka, mu dafa. Wannan da ya jiƙe ma Hajo za ta shanya ta dafa, ba a yi asara ba. Amma gwangwani huɗu ɗauri uku ne a ƙafar Gisa. Ina bukatar na mako uku. Zo ka gani."

Ta ja ni ciki. Gisa saurayi ne mai faɗin kafaɗa. Da can a ƙarƙashin ƙasa yake aiki, da aka rufe ramin ya koma ɗaukar fetur a bido yana kai wa masu haƙar zinariya, a nan wutar ta same shi. Ɗaurin jiya da busasshen ƙyalle aka yi shi, don babu wani. Rabi ta ba shi maganin zafi, ta jiƙa ɗaurin da ruwan gishiri, ta jira, ta ce in riƙe cinyar. Shekara ashirin da biyu ina miƙa kayan fansama ta taga, ban taɓa tsayawa inda ake kwance su ba. Ta fara ɗagawa kaɗan-kaɗan. Ƙyallen ya taso da abin da ke ƙarƙashinsa. Gisa ya cusa bakin rawani tsakanin haƙora, bai yi kuka ba, amma cinyar na karkarwa a hannuna, gumi na zuba. Wari ya bugi hancina. Gefen idon sawu ya yi wani launi da ban so ba. Da ta shimfiɗa tul-gara na ƙirga da idona, gwangwani guda da kusan rabin wani suka tafi a zama ɗaya.

Na fito rumfa. Aghali na nan inda muka bar shi, Hajo ta ba shi ruwa a kwano yana sha ta ƙarƙashin rawani, kwano na uku ke nan. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun ina yaro. Na tsuguna a gabansa, ni da furfurata. Na ce, "Aghali, ba kai ka ɓata ba. Ni ne. Majo ta ce in sayo sha biyu na sayo huɗu, don ina ganin na fi ta sani. Huɗun ma kai ka cece su. Abin da na faɗa maka a hanya, ka yafe mini. Kuma ni ba likita ba ne, mai tsaron ɗakin kaya ne."

Ya ajiye kwanon. Sannan ya ce, "To yanzu ƙafar fa?"

Komawa Damagaram a dawo kwana huɗu ne in hanya ta yi kyau, kuma tayoyinsa sun gama. Aikowa a saman mota kuwa mun ji yadda take ƙarewa. Hajo ce ta tsoma baki, tana tsame kwamfaras daga takardunsu.

"Mi kuke ta zugum? Lokacin da munka yi aiki da tsohon majo, da hannu muke yin abin ga. A samo basilin hwari, wanda ba shi da ƙamshi. Kai kuma Alhaji, tunda ka iya gyaran takarda, sai ka zo ka gyara ƙyalle."

Washegari na zagaye kasuwar Arlit a bayan kabu-kabu. Basilin ga shi nan tuli, amma duk na kwalliya ne mai turare. Kasuwar cike take da taliya da dabino da madarar gari daga Aljeriya, abin da ke tsada a wurinmu a can banza ne, ganyen miya kuwa sai mai hali. Na tsaya zan sayi faranti na ƙarfe a wurin maƙera, ɗan kabu-kabun ya riƙe mini hannu, ya ce ba a sayen ƙarfen da ba a san asalinsa ba a garin nan, wani daga ramin ma'adini ya fito, yana da guba. A farmasi na huɗu na sami farin basilin, babban kwano ɗaya da ya rage.

Kwana tara na yi a kan tabarma a bayan ɗakin maganin. In yanka ƙyalle daidai tafin hannu, in zare zaren da ya yi sako-sako, in jera a gwangwanin da aka wanke, Hajo ta shafa mai, a rufe, a sa a tanderun kashe ƙwayoyin cuta. In wuta ta ɗauke a tsakiya, sai a sake daga farko. Hajo ba ta raga mini ba ko sau ɗaya. "Wanga yankan na mai shekara ashirin da biyu ne? Ɗiyata ta hi ka." Almakashi ya yi mini kanta a babban yatsa. Duk ranar ɗauri ni ke riƙe cinyar, ban bar wa kowa ba. Gwangwanayen shago suka ƙare a ɗauri na uku kamar yadda Rabi ta ce. A na huɗu aka sa namu. Ranar da za a kwance shi ban iya karya kumallo ba. Rabi ta kama gefen ƙyallen ta ɗaga, ya taso salin-alin, bai ɗauko komai ba. Gisa ya saki rawanin daga bakinsa ya dube ni.

Ranar Alhamis likitan ya zo da hantsi. Ya sa aka buɗe ƙafar, ya sunkuya ya daɗe yana dubawa, ya danna nan ya danna can. Aghali na bakin ƙofa, ni ina riƙe da cinya. Wajen ƙauri duk ya yi ja mai kyau, fata na tsirowa daga gefe. A idon sawu ya fi daɗewa. Ƙananan yatsu biyu sun riga sun yi baƙi tun kwanakin busasshen ƙyalle, ya ce waɗannan sai an cire. Sannan ya miƙe ya cire safar hannu.

"Ƙafar ta tsaya. Ku ci gaba da abin da kuke yi."

Aghali ya juya ya fita. Na same shi a bayan motarsa, ya dafa ƙarfen da hannu biyu, kafaɗunsa na motsi. Na koma ciki ban bari ya san na gani ba.

Ranar da zan taho Rabi ta ba ni sabuwar takarda, ta kayan da za a ƙaro. Ta ce, "Yaya, in karanta maka?" Na ce a'a, ko kuskuren rubutu na gani a ciki haka zan sayo shi. Aghali ya kai ni tashar Arlit. Da zan hau mota ya kwance bido ɗaya daga jikin katkat ɗinsa, ya jiƙa buhun, ya rataya mini a kafaɗa. Na ce ai shi ya fi ni bukata. Ya ce, "Hanya yana da zafi, likita." Na ce na gaya masa ni ba likita ba ne. Ya ce ya ji.

Shi ne bidon da kuke gani a zaure. Kayan takarda ta biyu sun tafi tun makon jiya, tul-gara sha biyu cif, dunƙule biyar, na rubuta a jikin kowane kwali wanda ake jiƙawa da wanda ba a jiƙawa. Jiya Rabi ta kira ta ce Gisa ya taka daga gado zuwa rumfa da sanda. Duk wanda ya zo fada yana jin ƙishirwa ya tsiyaya ya sha, ruwan da sanyi. Amma in ya sha ya miƙa wa na kusa da shi, don ni ranar da aka miƙo mini na shanye ni kaɗai.